Sana'ar Haɗa Manhaja a Maiduguri: A Fara Gano Inda Aiki Ke Cushewa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da aikin a haɗa masa manhajar kwamfuta, ko ta lissafin kayan kanti, ko ta biyan albashi, ko ta karɓar kuɗin makaranta, ya san labarin da yakan biyo baya. Akan yi alkawarin wata biyu, a karɓi kuɗin kafin alƙalami, sa'an nan wata shida ya shuɗe babu abin da ya zo hannu sai ban haƙuri. Idan aka tsananta tambaya, amsar mai kamfanin ba ta wuce ɗayan uku: babu wuta, intanet ba ta da ƙarfi, ko kuwa ma'aikata sun yi kaɗan. A Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, waɗannan uzurori suna da tushe fiye da yawancin garuruwan ƙasar nan, kuma ba mai musun haka. Amma duk da haka, abin da wannan sharhi yake so ya nuna shi ne, kaso mai tsoka na jinkirin daga tsarin aikin kansa yake tasowa, kuma mai kamfanin da bai gano ainihin inda aikinsa ke cushewa ba, duk kuɗin da ya kashe a wani wuri dabam asara ce.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun daga tsakiyar shekarun 2010 ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa suka mai da Maiduguri cibiyar ayyukansu na Arewa maso Gabas, kuma kusan kowane aiki nasu yana tafe da buƙatar tattara bayanai, kamar rajistar 'yan gudun hijira da lissafin rabon abinci da bin diddigin magunguna. Ta wannan ƙofa ce matasa da yawa da suka fito daga Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat suka sami abin yi. To, a 2025 Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, wato USAID, wasu ƙasashen ma suka rage nasu, har a watan Yulin shekarar Shirin Samar da Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗin cewa kuɗin ciyar da mutane miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas ya kusa ƙarewa. Ƙungiyar da ke fafutikar kuɗin abinci ba za ta sa aikin kwamfuta a gaba ba. Ke nan dole masu wannan sana'a su juya ga 'yan kasuwar Monday Market, da masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da hukumomin jiha. Shi kuwa ɗan kasuwa daga aljihunsa yake biya, kuma idan ya gaji da jira, manhajar da aka riga aka haɗa a Legas ko Indiya tana nan tana jiransa.

Darasin matsatsi

A 1984 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya wallafa littafi mai suna The Goal, wanda ya ba da labarin manajan wata masana'anta da ke daf da rufewa, alhali kowane inji a cikinta yana aiki, kowane ma'aikaci yana zufa. Abin da littafin ya koyar a taƙaice shi ne, duk aikin da ke bin matakai daga hannu zuwa hannu yana da mataki guda da ya fi sauran ƙunci, kuma iyakar abin da wannan mataki zai iya ɗauka shi ne iyakar abin da masana'antar gaba ɗaya za ta fitar. Wannan mataki shi za mu kira matsatsi. Awa ɗaya da aka ɓata a matsatsi asara ce ga kamfanin dukansa. Awar da aka tsimi a wani matakin kuwa ba ta ƙara ko kwabo.

'Yan kasuwar Borno ba sa buƙatar littafi kafin su fahimci wannan. Bayan an sake buɗe hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamborun Ngala a 2016, an daɗe motocin kaya ba sa bin ta sai da rakiyar sojoji. A irin wannan hali, yawan kayan da ke isa kan iyakar Kamaru bai danganta da yawan motocin da aka yi wa lodi a tasha ba, bai kuma danganta da saurin masu dako ba. Ya danganta ne da sau nawa rakiyar ke tashi, da mota nawa take ɗauka. Attajirin da ya sayi ƙarin mota biyar bai ƙara abin da ke isa Ngala ba, layin jira kawai ya tsawaita, jarinsa kuma ya kwanta a bakin hanya. Wanda ya fi shi dabara shi ne wanda ya tabbata cewa duk ranar da rakiya za ta tashi motarsa tana nan a shirye, cike da kayan da suka fi riba.

Haka abin yake a kamfanin manhaja, sai dai shi layin jiran nasa ba a ganinsa da ido, domin a cikin kwamfuta yake ɓoye. Aikin manhaja matakai ne: a saurari buƙatar mai aiki, a tsara, a rubuta, ƙwararre ya duba, a gwada, a kai wa mai ita a ɗora masa, a koya wa ma'aikatansa, sa'an nan a karɓi kuɗi. Alal misali, mu ƙaddara kamfani mai marubuta manhaja biyar, waɗanda tare suke gama yanki goma na aiki a mako. Babban injiniyan da ke duba aikinsu mutum ɗaya ne, kuma yanki huɗu kaɗai yake iya dubawa a mako, saboda shi ne mai zuwa taro da masu kwangila, shi ne kuma mai gyara idan wani abu ya lalace. Abin da kamfanin ke fitarwa a mako huɗu ne, ragowar shida suna taruwa. Bayan mako goma akwai yanki sittin a jibge, kuma duk sabon aikin da ya shiga layi sai ya jira mako goma sha biyar. Wannan lissafi, wato a raba yawan aikin da ke hannu da yawan wanda ake gamawa a sami tsawon jira, shi ne ƙa'idar da Ba'amurke John Little ya tabbatar a 1961, kuma tana aiki a layin banki kamar yadda take aiki a nan.

Yanzu sai mai kamfanin ya ga masu aiki suna ƙorafi, ya ɗauki ƙarin marubuta biyu. Abin da ake rubutawa ya koma goma sha huɗu, abin da ke fita yana nan a huɗu, tarin da ke ƙaruwa a mako ya tashi daga shida zuwa goma, ga albashin mutum biyu ya hau kansa. Daɗin daɗawa, sababbin nan wurin babban injiniyan za su riƙa zuwa da tambaya, don haka huɗun ma tana iya komawa uku. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a kan aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Ɗaya daga cikin dalilansa lissafi ne mai sauƙi: tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin tuntuɓar juna 10, tsakanin mutum goma akwai 45, tsakanin ashirin kuwa 190. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a wurin noma da ɗaukar jinka, amma a wannan sana'a maganar ba haka take ba.

Ba a ƙasashen waje kaɗai aka ga haka ba. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa rubuta manhaja da samar musu aiki da kamfanonin ƙetare, ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda a watan Satumban 2019, kuma dalilin da ya bayar shi ne masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Ya kamata a riƙa tuna wannan yayin da ake yaba shirin Gwamnatin Tarayya na 3MTT, wanda aka ƙaddamar a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Shirin abin maraba ne. Sai dai idan ƙwararrun da za su duba aikin sababbin hannu su ne suka yi ƙaranci, yaye dubban ɗalibai ba zai ƙara yawan manhajar da ke aiki a kantunan Maiduguri ba, har sai an tanadi hanyar da sabon hannu zai zama gwani.

Matsatsi ba ya zama wuri ɗaya

Tarihin Maiduguri na shekarun nan ya nuna wani ɓangare na darasin, wato cewa matsatsi yana ƙaura. A watan Mayun 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan wayar salula, kuma a Borno katsewar ta ɗauki watanni. A lokacin babu gwanintar da za ta sa saƙo ya fita. A watan Janairun 2021 mahara suka rusa turakun babban layin wutar da ya taso daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake rusawa, birnin ya kusa cinye shekarar a cikin duhu. A wannan shekara, mai kamfanin da ya kashe kuɗinsa a kan farantan hasken rana da batura ya yi daidai, domin awannin da kwamfuta ke kunne su ne iyakar aikinsa. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar wutar gaggawa mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na NNPC ya gina, kuma a farkon wannan shekara ne intanet ta tauraron ɗan'adam ta Starlink ta fara aiki a Nijeriya.

Wannan ba ya nufin an gama da matsalar wuta ko ta sadarwa, ko kusa. Abin lura shi ne, kamfanin da ya riga ya mallaki batura da za su riƙe kwamfutocinsa awa takwas ko goma a yini, wuta ta daina zama matsatsinsa, ko da kuwa har gobe ita ce abin da ya fi yawan kuka da shi. Idan ya ƙara batura bai ƙara komi ba. Cikas ya koma wani wuri, amma baki ya saba da tsohon uzuri. Goldratt ya yi gargaɗi a kan wannan: dokoki da al'adun da aka kafa don jure wa matsalar jiya su kan zama matsalar yau. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Yaƙi da cutar shan-inna a Borno misali ne na yadda ake sa fasaha ta bi matsatsi. Kafin 2016 ana amfani da wayoyi masu nuna wurin da mutum yake don bin sawun masu allurar rigakafi a jihohin Arewa. A watan Agustan 2016 sai aka sake gano cutar a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza, daga baya kuma a Monguno, bayan shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba a ƙasar nan. Maganin rigakafin yana nan, manhaja tana nan, abin da ya gagara shi ne isa ga yaran da ke ƙauyukan da rikici ya rufe. Da aka fahimci haka sai aka karkata ƙarfi can: aka haɗa masu rigakafi da jami'an tsaro da 'yan sa-kai, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam don gane garuruwan da har yanzu akwai mutane, aka dogara ga manhajojin waya masu ajiye bayani ko babu sabis, su aika idan an dawo inda yake. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Da a ce an ci gaba da ƙawata manhaja ana ƙyale matsalar hanya, da ba a kai nan ba.

Matakai biyar

Hanyar da Goldratt ya shimfiɗa matakai biyar ce, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani a cikinsu. Na farko, a gano matsatsin. Allo ɗaya a bango ya wadatar: a ja layuka bisa matakan aiki, a rubuta kowane aiki a 'yar takarda tare da ranar da ya shiga matakin, a manna. Cikin mako biyu za a ga inda takardu suka taru, kuma matakin da ke gaban tarin shi ne abin nema. Gani ya kori ji.

Na biyu, a ci moriyar matsatsin sosai kafin a kashe ko kwabo. Idan babban injiniya ne, a ɗauke masa duk abin da wani zai iya yi: zuwa banki, neman man janareto, gyaran na'urar buga takardu, amsa kiran duk wanda ya manta lambar sirrinsa. A ba shi awannin safe, lokacin da batura ke cike kuma kai ke sanye, ba mai katse shi. Kada kuma a kai masa aikin da marubucinsa bai gwada da kansa ba, domin lokacinsa ya fi tsada da a ɓata shi a kan kuskuren da yaro zai iya gani.

Na uku, wanda ya fi wuyar haɗiya, sauran matakai su bi takun matsatsin. Ma'ana, a ƙayyade yawan aikin da za a buɗe a lokaci guda, kada a fara sabo sai an gama wani. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Wannan ita ce hikimar katin kanban da kamfanin motoci na Toyota ya yi suna da ita a Japan, inda ba a ƙera wani sashe sai matakin gaba ya nema. A 2004 wani ƙaramin sashe na kamfanin Microsoft, mai ma'aikata a Indiya da ke gyaran manhajojin cikin gida, ya gwada wannan bisa shawarar David Anderson. Suka iyakance aikin da ke layi, suka daina ɓata lokacin injiniyoyi wajen ƙiyasta ayyukan da wataƙila ba za a taɓa yi ba, suka sa masu buƙata su zaɓi abin da ya fi muhimmanci a duk lokacin da gurbi ya samu. Jiran da yake kai kimanin wata biyar ya sauko zuwa 'yan makonni, kuma babban ɓangaren sauƙin ya samu ne kafin a ƙara ma'aikata.

Na huɗu, idan an yi waɗannan duka kuma har yanzu bai isa ba, a nan ne ake buɗe jaka a faɗaɗa matsatsin: a ɗauki ƙwararre na biyu, ko a ware watanni a horar da wanda ya fi ƙwazo cikin yaran gida, ko a sayi na'urar da za ta riƙa yin gwaji da kanta. Na biyar, a koma farko, domin da zarar an buɗe wannan wuri cunkoson zai bayyana a wani.

Akwai kuma batun tanadi. Abin da aikin kamfani duka ya rataya a kansa dole a kare shi. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, kuma shekara ɗaya da rabi bayan gobarar da ta cinye Monday Market a watan Fabrairun 2023. Kamfanin da bayanan abokan cinikinsa duka suke cikin kwamfuta ɗaya a ɗakin ƙasa, ko sirrin manhajarsa duka yake cikin kan mutum ɗaya, yana zaune ne a kan ƙaya. Ajiye kwafi a wani gari, da tilasta rubuta bayanin yadda aka gina kowane aiki, su ne inshorar wannan sana'a.

Laifin mai ba da aiki

Adalci ne a faɗa cewa sau da yawa matsatsin ba a cikin kamfanin yake ba, a ofishin mai ba da aikin yake. An gama kashi na farko, ana jiran Alhaji ya duba ya ce a ci gaba, shi kuwa ya tafi Kano sayen kaya. An nemi jerin kayan kanti da farashinsu, an ce sai akawu ya dawo. A ma'aikatun gwamnati kuwa fayil yakan yi makonni yana jiran sa hannu ɗaya, biyan kuɗi kuma sai an saki kason wata. Ganin haka sai mai kamfani ya karɓi wani aikin don kada yaransa su zauna, daga nan ya karɓi na uku, kafin a ankara yana riƙe da aiki takwas, babu wanda ya kammala, babu wanda za a biya shi. Kowa a cikin wannan sarƙa yana da hujjarsa, amma sakamakon haɗuwarsu jinkiri ne ga kowa. Wannan shi ake nufi da kallon aiki a dunƙule: a bi aikin daga bakin mai buƙata har ranar da ya fara amfani da shi, a ƙirga kwanakin da aka yi ana aiki da kwanakin da aka yi ana jira, maimakon a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi.

Ƙasar nan ta ga irin wannan a babban sikeli. A watan Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Umurni ya fita da sauri, amma cibiyoyin rajista da na'urorinsu ba su ƙaru da wannan sauri ba. Jama'a suka yi dafifi a ƙofofin ofisoshi, aka yi ta ɗage wa'adi, sai a watan Afrilun 2022 aka fara hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Wa'adi ba ya faɗaɗa ƙofa.

Abin da masu suka ke cewa

Wasu za su ce wannan dabarar masana'anta ce, manhaja kuwa ba bulo ba ce, wani yanki yini ɗaya ne, wani wata guda. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a auna ƙarfin kowane mataki da ma'auni irin na inji. Amma tarin jira ba ya ƙarya, ko ayyukan sun bambanta da girma. Wasu kuma za su ce matsalolin Maiduguri sun fi a ƙirga, yaya za a ce guda ɗaya ce? Amsa ita ce, dukansu matsaloli ne, amma a kowane lokaci ɗaya ce ke yanke yawan abin da ke fita, kuma mai ƙaramin jari ba shi da halin yaƙi da goma a tare.

Suka mafi nauyi ita ce ta mai biyan albashi, wanda zai ce ba zai iya kallon ma'aikaci yana zaune ba. Wannan damuwa ce ta gaske. Sai dai ma'aikacin da ke rubuta abin da ba za a duba ba sai bayan wata uku, shi ma a zaune yake, bambancin kawai yatsunsa suna motsi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wanda layinsa ya cika sai ya tashi ya taimaka a inda aka cushe: ya yi gwaji, ya rubuta bayani, ya zauna kusa da babban injiniya ya koya. Ta haka ne ake samun ƙwararre na biyu ba tare da an ɗauko shi daga Abuja ba. Haka kuma kada a fahimci cin moriyar matsatsi da cewa a tatse mutum dare da rana. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, injiniyan da ya ƙware yana iya zama a ɗakinsa ya yi wa kamfanin ƙetare aiki a biya shi da dala. Wanda aka gajiyar zai tafi, kuma ranar da ya tafi kamfanin ya tsaya.

Dole kuma a yarda cewa dabarar tana da iyaka. Tana sa a gama aiki da wuri, amma ba ta faɗa wa mutum ko aikin ya cancanci a yi shi. Goldratt kansa ya nuna cewa idan aka gyara cikin gida, matsatsin yakan koma kasuwa, wato ƙarancin masu saye. Ga kamfanonin Maiduguri da kuɗin agaji ya janye musu, wannan rana ta riga ta zo ga wasunsu. Mai irin wannan hali ba sabuwar kwamfuta yake buƙata ba. Ya kamata ya kwashe kwanaki a rumfunan masu hatsi da masu kifi da dillalan shanu, ya ga yadda suke rubuta bashi da yadda suke biyan juna, ya haɗa abin da zai yi aiki a ƙaramar waya, da Hausa ko Kanuri, ko da sabis ya ɗauke.

Saboda haka muna ba 'yan kasuwa shawara, kafin su sa hannu a kwangilar manhaja su yi tambaya huɗu: aiki nawa ne a hannun kamfanin yanzu, wane ne ke duba aikin kafin ya fita kuma mutum nawa ne irinsa, kwana nawa ayyuka uku na baya suka ɗauka daga farawa zuwa miƙawa, sa'an nan wane ne a ɓangarensu zai riƙa ba da amsa cikin kwana biyu. A raba aikin ƙanana-ƙanana, a biya kowane kashi ranar da ya fara aiki a kanti. Hukumomin Jihar Borno su ma su rage girman kwangilolin da suke bayarwa, su naɗa jami'i ɗaya mai ikon yanke shawara a kan kowace, su biya a kan kari, domin ƙaramin kamfani ba shi da jarin da zai jira wata tara. Manyan makarantunmu kuma su nemi a tura ɗalibansu koyon aiki wurin da akwai gwanin da zai duba abin da suka rubuta, ko da wurin ɗaki biyu ne. Masu kamfanoni kuwa, kafin su buga sanarwar neman sababbin ma'aikata, su sayi allo da 'yan takardu, su ba kansu mako biyu su ga inda aikinsu ke kwana.